Ƙashin Raka'a Huɗu

Da sunan Allah nake farawa, shi kuma nake roƙo ya tsare alƙalamina daga ƙari.

Sunana Hamisu. Ni mutumin Roni ne, kilishi ce sana'ata kamar yadda ta kasance sana'ar mahaifina. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, don haka mai neman daɗin baki ya nemi wani. Na rubuta wannan ne saboda samarin garinmu da suke tare ni duk sanda na zo gida suna cewa, "Baba Hamisu, yaya bakin teku?" To ga yadda yake. Zan faɗa a jere, abin da ya zo farko shi zan sa a farko.

Ba zan ɓata takarda a kan fitowata ba. Abu biyu kawai ya kamata a sani. Na ɗaya, sai da na sayar da babur ɗina na yi guzuri. Na biyu, na faɗa wa yayana Malam Idi a gaban mutane, a ƙofar gidanmu, cewa ba zan dawo ba sai na kafa teburin kaina. Ya ce in daina irin wannan magana. Na maimaita masa.

Tsayawata ta farko iyaka ce, bayan Legas, inda ake tsallakawa ƙasar Benin. Ina ɗauke da jakar tufafi, da ƙunshin wuƙaƙena, da buhu guda na kayan haɗi: tunkuza, barkono, citta, kanumfari da masoro, duk matata Hajara ce ta daka da hannunta. Ina tsaye ina tunanin inda zan nufa sai wani mutum mai farar hula ya yi mini sallama. Ya ce, "Malam, daga ina?" Na ce Roni. Ya dafa ƙirji ya ce shi ɗan Babura ne, har ya tambaye ni ko an gyara hanyar Kanya Babba. Raina ya yi sanyi. Ya dubi buhun ya ce, "Wannan ba zai wuce ta gaba ba, za a farke shi a zubar. Kawo in zagaya maka da shi ta baya, ka jira ni a gindin waccan rumfa." Na ba shi da hannuna. Na tsallaka na zauna a gindin rumfar tun hantsi har la'asar. Wata mata mai sayar da burodi, wadda ba ta jin Hausa ni ma ba na jin yarenta, ta daɗe tana kallona. Daga baya ta miƙo mini ruwa a leda da gutsuren burodi, ta kaɗa hannu alamar in tashi in tafi, ba mai zuwa. Na tashi.

Tsayawa ta biyu Kwatano. Kwana tara na yi ina kwana a barandar masallaci. Sefa na san ta tun a gida, saboda mutanen Nijar da muke ciniki da su, amma Faransanci ko kalma ɗaya ba ni da ita. 'Yan acaɓarsu masu rawayar riga sun fi ƙudan kasuwa yawa, kuma duk wanda na hau sai ya kai ni inda ban ce ba. Masu kilishi a birnin sun riga sun cika kowace kwana, ba mai buƙatar ƙarin hannu. A kwana na tara wani dattijo ya ce mini akwai wani mahauci mutumin Gwiwa, Alhaji Ɗanladi, a wani ƙaramin garin masunta da ke yamma, tsakanin Wida da iyakar Togo. Ya ce in je in gwada.

Tsayawa ta uku, kuma ta ƙarshe, wannan gari. A nan na fara ganin teku ido da ido. Ruwa ne da ba ya hutawa, ba ya kuma barin kowa ya huta. Iskarsa gishiri ce zalla. Wuƙaƙen da mahaifina ya yi shekara talatin yana aiki da su ba su taɓa tsatsa ba, a nan kwana uku suka yi ja. Riga in ka wanke yau, gobe ma da danshi za ka sa ta.

Alhaji Ɗanladi ya karɓe ni hannu biyu. Ya tambaye ni gidanmu, ya gane kakana, ya ba ni ɗaki a unguwar Hausawa. Amma ya ce, "Hamisu, a nan unguwar ba wurin shanya. Gidaje a cushe, ga hayaƙin kifi. Fili ɗaya na sani mai rana mai katanga, yana bayan masaukin baƙi na Madam Filo. Zan kai ka, amma da fuskata zan roƙa. Kada ka zubar mini da ita."

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Alhaji, ba za ka ji komai ba sai alheri."

Madam Filo tsohuwa ce Kirista, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Turai. Ta yi shekaru tana fataucin albasa a Malanbil, can kan iyakar Nijar, don haka tana jin Hausa irin ta kasuwa. Mun same ta a baranda a kan kujera mai laushi. A kan ɗaya kujerar, irin wadda a gidanmu sai babban baƙo ake ba, wani kare ne ja a kwance, mai farin ƙirji da kunne ɗaya a karye. Mu aka ba mu benci.

Ta saurari Alhaji, sannan ta ce, "Na ba shi wata ɗaya. Ƙarshen wata akwai bikin 'yar ƙanwata a nan gidan. In ya kawo kilishi mai kyau da zai ishi baƙi, fili nasa ne, ya kafa tebur a ƙofa. In bai kawo ba, akwai mai bandar kifi da take ta roƙona wurin." Ta ɗaga yatsa. "Abu ɗaya. Wannan Biju ne. Ba a dukansa, ba a jifansa, ba a ɗaure shi. Wanda ya taɓa Biju ya taɓa ni."

Na ce na ji. A raina na ce wannan ai ba sharaɗi ba ne. Me ya haɗa ni da kare? A wurinmu kare na mafarauta ne da Fulanin rugga, yana can nesa, in ya matso a duƙa kamar za a ɗau dutse ya ruga. Ban san akwai karen da aka yi wa wanka da sabulu mai ƙamshi, wanda bai taɓa ganin an duƙa masa ba.

Ga yadda nake aikina, domin a gane abin da ya biyo baya. Bayan asuba in karɓo cinyar sa a wurin Alhaji. In cire jijiya da kitse in zuba a leda. In sare naman siriri, in buɗe shi falle-falle har sai ana hango rana ta cikinsa. In shimfiɗa a gadon shanya. In ya bushe in tsoma shi a labu, wato kwaɓin tunkuza da yaji, in sake shanyawa, sannan in nuna masa wuta. A Roni, naman da ka shanya da hantsi kafin azahar ya bushe ka kwashe. A bakin teku kuwa yini yake yi yana jan ƙafa. Azahar ta same shi a waje, la'asar ta same shi a waje. Masallaci yana da nisa, don haka sallolin nan biyu a filin nake yin su, kullum a wuri ɗaya, a gindin wata bishiyar kwakwa, bayana yana ga nama.

Kuma ni mutum ne mai ƙirga. In na shanya falle ashirin, na san ashirin ne.

Tun makon farko na san ba zan ji daɗin karen nan ba. Rana ta farko ya zo ya zura baki a butata, na wanke ta sau bakwai. Rana ta biyu na dawo daga kewaye na same shi miƙe a kan dardumata, ya ɗora haɓa a daidai inda nake sa goshi. Rana ta uku ya je ya yi iyo a teku, ya zo har gaban gadon shanya, ya tsaya, ya dube ni, ya girgije. Na ɗaga murya na ce, "Kai! Tafi can!" Sai ya ɗauka wasa ne, ya sunkuya da ƙafafun gaba yana kaɗa jela. Jijiyar da nake cirewa kuwa ko ƙwara ban taɓa jefa masa ba. Nakan ƙulle ledar in kai wa kyanwoyin unguwarmu, don na san in ka saba wa dabba sau ɗaya ka ɗaura wa kanka aiki.

A rana ta huɗu na ƙirga bayan azahar, falle sha tara. Bayan la'asar, sha takwas. Washegari haka. Jibi haka. Kullum biyu, ba ƙari ba ragi. Na duba sama ko shirwa ce, ban ga alama ba, kuma shirwa ba ta da wannan tsari. Na dubi Biju, yana can ƙarƙashin tankin ruwa yana barci kamar yadda na bar shi. Saura mutum ɗaya da yake ratsa filin, wato Kosi, kukun gidan, wani gajere mai yawan dariya da ya koyi Hausa a Lome.

Na yi kwana biyu ina haɗiye maganar. A na uku na tare shi a ƙofar kicin. Na ce, "Kosi, in kana sha'awar kilishi ka roƙa. Ɗanye ne ma kake ɗauka, ba a gama ba."

Na zaci zai yi fushi. Sai ya riƙe ciki ya zauna a kan bokiti yana dariya har da hawaye. Ya ce, "Malam, ni? Ni ne ɓarawo? Zo, zo ka ga ɓarawonka. Kwana huɗu ina jira ka tambaya."

Ya fito da wayarsa. Ashe ta tagar kicin ya ɗauki hotona mai motsi. Ga ni ina alwala. Ga Biju a ƙarƙashin tanki, ido a rufe, amma kunnen nan mai lafiya ya miƙe. Ga ni na shimfiɗa darduma. Bai motsa ba. Na ɗaga hannu na yi kabbara. Sai ya tashi, ya yi miƙa, ya yi hamma, ya tako a hankali kamar mai gida zai duba gonarsa. Ya bi gadon shanya daga wannan kai zuwa wancan, ya zaɓi falle mafi faɗi, ya ja, ya koma bayan tanki. Ina tahiyar ƙarshe ya dawo mazauninsa ya kwanta. Ina sallama ya rufe ido.

Kosi ya ce, "Ya karance ka, Malam. Ya san in ka ɗaga hannu ko gida na cin wuta ba ka juyowa. Kai agogo ne. Ni ma da kai nake sanin lokacin ɗora shinkafa."

Na ba Kosi haƙuri, don na zarge shi a kan abin da bai yi ba. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ɗan Babura na ƙarya ya cuce ni don na yarda da shi. Wannan kuwa ya cuce ni don ina salla a kan lokaci.

Na kai ƙara wurin Madam. Ta kalli hoton sau biyu, tana cewa, "Oo Biju, oo ɗana mai wayo." Ta shafa kansa. Ta ce mini, "Malam, ka gyara aikinka. Saura kwana goma sha tara."

Daga nan na shiga dabaru, kuma zan jera su yadda na yi su.

Dabara ta farko, na juya wurin sallata yadda naman zai kasance a gabana, ta wajen alƙibla. Na ce in ya ga idona zai ji kunya. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace muni. A da ina salla ban san ana sata ba. Yanzu ina karatun Fatiha ina kallon ɓarawo yana zaɓe. Ya ɗauka, ya tsaya da naman a baki, muka haɗa ido. Na rasa ko a raka'a ta biyu nake ko ta uku, sai da na yi ba'adi. Ni da na shekara ashirin ban yi rafkanuwa ba, a mako guda na yi sau biyar.

Dabara ta biyu, na koma gindin kwakwar, na daina bayyana kabbara, na yi ta can ƙasa-ƙasa. Bai dame shi ba. Ashe ba murya yake bi ba, hannu yake kallo. Kosi ya ce, "To ka yi ta ƙarya mana. Ka ɗaga hannu, in ya taso ka juyo ka ba shi tsoro." Na ce masa ba a wasa da salla, ko don kama ɓarawo. Ya ce, "To shi ma ya san haka."

Dabara ta uku, na sari itace na ɗaga gadon shanya ya kai ƙirjina. Kwana biyu ina samun ashirin cif, har na fara gaisawa da mutane da fara'a. A kwana na uku ina sujada na ji ƙara a bayana. Ya gano in ya tona yashin gindin ƙafa ɗaya, gadon zai karkata. Da na sallame na tarar da naman duka a cikin yashi. Yashin teku ba ya fita daga ɗanyen nama. Shi guda ɗaya ya ɗauka, kamar kullum. Sha taran ni na haƙa rami na binne da hannuna, yana zaune yana kallon inda nake binnewa.

Dabara ta huɗu ita ce wadda nake jin kunyarta. Na ware falle ɗaya na dama masa labu da barkono tsagwaro, na ajiye a bakin gado inda yake farawa. Ya ci. Ya yi ta atishawa yana birgima yana goga hanci a ƙasa, ni kuma, Allah ya yafe mini, na ji daɗi a cikin salla. Da yamma cikinsa ya ɓaci, kuma bai zaɓi ko'ina ba sai kujerar nan mai laushi.

Madam ta aiko Kosi ya kira ni. Ba ta ba ni ko benci ba.

Ta ce, "Malam, na ce ba duka, ba jifa, ba ɗauri. Sai ka nemo na huɗu."

Na ce, "Madam, naman mutane yake ci."

Ta ce, "Ni na haifi uku, duk suna ƙasar sanyi. Su waya suke yi mini. Wannan shi yake kwana a ƙofar ɗakina. Kai kana da masu jiranka a gida, ni shi ne mai jirana." Ta juya kai. "Don Alhaji na bar ka. In aka sake, ka kwashe wuƙaƙenka."

Ranar na koma unguwa da ƙafa ta bakin ruwa, ba na ganin gabana. Na tuna Hajara da buhun da ta daka. Na tuna inuwar ƙofar gidanmu, da yadda naman Roni yake bushewa yana ƙamshi ba tare da ka yi gadinsa ba. Na kira gida, Malam Idi ya ɗauka. Ya ce, "Yaya tebur?" Na ce ana nan ana shiri. Ba zan iya buɗe baki in ce wa yayana kare ne ya tsaya tsakanina da teburin ba.

Alhaji Ɗanladi ya riga ya ji labari. Ya ce, "Hamisu, shekara ashirin da biyu ina garin nan ba a taɓa aiko mini da ƙorafi ba sai a kanka. A kan kare!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kare ba ne, shaiɗani ne."

Ya ce, "Shaiɗani gudu yake in an tada salla. Naka zuwa yake." Sannan ya ce, "Saura kwana bakwai. Ranar Juma'a zan ba ka cinya biyu na biki. In suka lalace, motar Kano tana tashi daga Kwatano ranar Litinin. Ni zan raka ka tasha."

Washegari ina zaune ina goge tsatsar wuƙa, Kosi ya zo ya tsuguna kusa da ni. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya nuna ledar jijiyar da na ƙulle. Ya ce, "Malam, in tambaye ka. Wannan ina kake kai ta?"

Na ce, "Kyanwoyin unguwarmu."

Ya ce, "Ka gani? A gidan nan kowa yana ba Biju rabonsa. Ni ina ba shi kan kifi. Madam tana ba shi madara. Baƙi suna ba shi gefen burodi. Kai kaɗai ne kake yanka nama a gabansa tun safe, ka ƙulle sauran ka kai wa kyanwar wata unguwa. Shi a ganinsa mantuwa kake yi, yana taya ka tunawa."

Na ce, "Ni ba zan ciyar da ɓarawo ba."

Ya ce, "Ai kana ciyar da shi. Falle biyu kullum, mafi kyau. Ni cewa na yi ka rage masa matsayi." Ya tashi yana karkaɗe wando. "Sallarka minti nawa ce? Nemo abin da zai riƙe bakinsa daidai wannan."

Na yini ina jin haushin maganar, musamman da na ga ba ta da kuskure. Da safe na ce wa Alhaji ya haɗo mini da ƙasusuwa. Ya dube ni, ya haɗo.

Na yi gwaji a jere kamar yadda na saba. Ranar Litinin jijiya: kafin in gama Fatiha ya haɗiye, ya je ya ɗauki fallensa. Ranar Talata ƙashin haƙarƙari: ya kai shi raka'a biyu. Ranar Laraba ƙashin wuya: uku da rabi, ina tahiya na ji takunsa. Ranar Alhamis na ba shi ƙashin cinya mai ɓargo, na fasa bakinsa kaɗan yadda zai ji ƙamshi amma harshe ba zai kai ciki da sauri ba. Na yi azahar, na yi nafila, na yi addu'a, na juyo. Yana nan yana fama. Na ƙirga nama, ashirin. Na sake ƙirgawa, ashirin.

Ba zan ce na yi murna ba. Ni ɗan gidan mahauta, wanda ko almakashin gidanmu ba a taɓawa sai da izini, ga ni ina fasa wa kare ƙashi kafin in fuskanci alƙibla, ina kuma wanke hannu sau uku kafin in taɓa buta.

Ranar Juma'a na sare cinya biyu, falle arba'in. Kosi ya tsare mini su na je masallaci na dawo. Ranar Asabar, ranar biki, na tsoma su a labu na shanya tun hantsi. Gida ya cika da baƙi da kiɗa, Kosi ba ya da lokacin kallon taga. Azahar ta wuce lafiya. Da la'asar na ba Biju ƙashi na biyu, mafi girma, na ɗaga hannu.

Ina raka'a ta biyu na ji gurnani a bayana, ba na kare ɗaya ba. An bar ƙofar baya a buɗe saboda masu shigo da kujeru, ƙamshin ɓargo ya jawo karnukan bakin ruwa, waɗanda ba su da mai su. Sai haushi ya kaure, da gudu, da kuka, wani abu ya bugi ƙafar gadon shanya har na ji ƙarar itacen. Zuciyata ta ce, juya. Na tuna motar Litinin. Na tuna fuskar Malam Idi a ƙofar gida. Ƙafata har ta motsa. Amma ban taɓa yanke farilla don dukiya ba, ban kuma ga dalilin da zai sa in fara a ƙasar mutane ba. Na yi ruku'u. Na cika huɗu, ban san yadda na cika ba.

Na sallame na juya. Gado yana tsaye, ya ɗan karkata. Karnuka uku suna ficewa ta ƙofa da jela a matse. Biju yana tsakiyar fili, gashin wuyansa a tashe, kunnen nan mai lafiya yana jini, ƙashinsa a tsakanin ƙafafunsa. Na ƙirga. Arba'in.

Madam ta fito da gudu da kayan bikinta, Kosi a bayanta da ludayi. Ta durƙusa ta rungume karen, ta ce, "Ka gani, Malam? Ka gani? Ya tsare maka nama!"

Na ce, "Madam, ƙashinsa ya tsare."

Ta ce, "Kai dai ba ka da godiya."

Na ce, "Gaskiya nake faɗa. Da naman yake so ya tsare, da bai yi wata guda yana cinsa ba."

Kosi ya ce, "Malam, yi shiru ka hura wuta, baƙi na jira."

Na gasa, na yayyanka, na jera a faranti shida. Da na zo shiga wurin baƙi na nemi takalmina inda nake ajiye shi kullum, a gefen dama na darduma. Ƙafa ɗaya na samu. Da silifas ɗin Kosi, wanda bai kai dugadugina ba, na kai kilishin gaban mutane. Kafin a yi magariba babu ko ɓarɓashi a farantan. Madam ta riƙo hannun rigata ta kai ni gaban danginta tana magana da yarensu, suna ta dariya suna tafi. Na tambayi Kosi me ta ce. Ya ce, "Ta ce fili naka ne, gobe ka kafa tebur." Na ce, "Dariyar fa?" Ya ce, "Ta ce kai ne babban abokin Biju."

Shekarata huɗu ke nan a garin. Tebur yana nan a ƙofar masauki, na kuma je gida na dubi Malam Idi ido cikin ido. Takalmin nan ban same shi ba har yau, kuma shi ne na farko cikin bakwai. Ni da karen ba mu shirya ba, kada wani ya ce na ce mun shirya. Ba ya taɓa mini nama, ni kuma ba na fasa ba shi ƙashi, azahar da la'asar. Ranar da aka ƙi yanka sa a gari, sai in bi mahauta ina neman ƙashin jiya kamar mai neman magani.

Saboda haka, samarin Roni, wanda zai tafi ya riƙe buhunsa da hannunsa a iyaka, ya shafa wa wuƙarsa mai, ya kuma rage alkawari a ƙofar gida. Sauran ba zan iya koya muku ba, don kowa da abin da zai tarar.

Da babbar sallar bara ina gida. Aka kira azahar a masallacin unguwarmu, na ɗauki buta na tsuguna a cikin sahun masu alwala. Malam Idi yana gefena. Ya ce, "Hamisu, me kake ta waige-waige? Wa kake nema?"

Na ce ba kowa. Na zare hannuna daga aljihu, inda yake laluben ƙashi, na fara alwala.

Alhamdu lillahi a kan kowane hali.